Yadda zaka sayar da gidanka a Amurka cikin hunturu da bukukuwan ƙarshen shekara

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman mazauna ɓangaren Amurka da ƙanƙara ke zuba, su Niyok da Shikago da Ohayo da Minesota da Merilan. Duk wanda ka tambaya a ƙasar nan zai ce maka gida a watan Afrilu ko Mayu ake sa shi a kasuwa, lokacin ciyawa tayi kore, rana na daɗewa bata faɗi ba, iyaye kuma suna so su tare kafin yara su koma makaranta. Wannan gaskiya ne ban musa ba. Amma ai ba kowa ke da damar jira ba, wani an canza masa wajen aiki zuwa wata jiha dole ya fara a Janairu, wani iyali sun ƙaru gidan yayi musu kaɗan, wani rasuwa akayi ana so a raba gado, wani kuma ya gama zaman waje kenan zai tattara ya koma gida. Toh in kana cikin waɗannan kar ka bari a tsorata ka har ka karyar da gidanka a banza.

Masu zuwa ganin gida a Disamba kaɗan ne, eh. Amma mutumin da ya baro ɗakinsa mai ɗumi, ya kankare ƙanƙara a gilashin motarsa, ya tuƙo cikin duhu ƙarfe biyar na yamma don kawai ya ga gidanka, wlh wannan da gaske yake, akwai abinda ya matsa masa. Sannan gidajen dake kasuwa suma sun ragu saboda da yawa suna janye nasu sai bayan sanyi. Kaga aikinka kenan guda ɗaya, 'yan kaɗan ɗin nan da zasu zo kar ka bari ko ɗaya ya juya saboda abinda zaka iya gyarawa tun farko.

Mataki na farko, ka zauna da kalanda

Kafin fenti, kafin ejan wato dillalin gidaje, kafin komai, ɗauko kalanda ka lissafa daga baya. In mai saye da bashin banki zai saya, daga ranar da kuka sa hannu a yarjejeniya zuwa ranar rufe ciniki yawanci kwana 30 zuwa 45 ne a lokacin da komai ke tafiya daidai. Toh a ƙarshen shekara komai baya tafiya daidai. Hutun Tanksgibin na faɗowa Alhamis ta huɗu a Nuwamba kuma ofisoshi da yawa Juma'ar ma basa buɗewa, sai Kirsimeti 25 ga Disamba, sai sabuwar shekara, sai hutun Martin Luta Kin Litinin ta uku a Janairu. A ranakun hutun tarayya bankuna basa tura kuɗi ta waya, ofishin rijistar filaye na gunduma a rufe yake, kuma tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara zaka kira lauya ko ma'aikacin banki ace maka ya tafi hutu sai 2 ga wata. Ga kuma dokar da ta ce dole banki ya ba mai saye takardar lissafin ƙarshe kwana uku na aiki kafin a rufe, hutu ɗaya ya shiga tsakani ya tura ku wani satin. Don haka in so kake kuɗinka su shigo kafin shekara ta ƙare, gidan ya shiga kasuwa a farkon Nuwamba ko ma ƙarshen Oktoba. In ka wuce tsakiyar Disamba baka shirya ba, ni a ganina gara ka haƙura da 'yan satuttukan nan kayi gyare-gyare, ka fito da shi sabo fil a sati na biyu na Janairu, domin shafukan tallan gidaje na intanet irin Zillow da Redfin suna nuna kwanakin da gida yayi a kasuwa, kuma gidan da ya kwana 40 ba tayi mutane sai su fara zargin akwai wata matsala ko da hutu ne kawai ya cinye kwanakin.

Akwai lissafin haraji ma a cikin kalandar nan, kuma babba ne. Dokar IRS, hukumar harajin Amurka, ta ce in gidan naka ne kuma ka zauna a ciki shekara 2 cikin shekaru 5 da suka wuce, ribar da ta kai dala 250,000 ba haraji a kanta, in ma'aurata ne masu cike takardar haraji tare dala 500,000. Ka duba ranar da ka sayi gidan da ranar da ka tare. In sati uku ya rage ka cika shekara biyu, dan Allah ka tura ranar rufe cinikin gaba, kar gaggawa ta ja maka asarar dubban daloli. Kuma ko da akwai harajin biya, rufewa a Janairu maimakon Disamba na tura shi lissafin wata shekarar. Kira mai yi maka haraji tun yanzu kafin ya shiga hidimarsa ta Fabrairu da Maris.

Na biyu, dillali

Ka gana da ejan biyu ko uku, kar ka tsaya kan na farko don kawai ɗan garinku ne ko tare kuke sallar Juma'a. In ɗan'uwan ya iya aikin madalla, amma ka yi masa tambayoyin da zaka yi wa kowa: gida nawa ka sayar a unguwar nan tsakanin Nuwamba da Fabrairu? Zaka yi tafiya lokacin hutu, in eh wa zai riƙa ɗaga waya? Wannan ta biyun tana da muhimmanci sosai, tayi na iya shigowa 27 ga Disamba da wa'adin awa 24. Maganar la'ada kuma a da an saba kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari mai gida ke biya a raba tsakanin ejan ɗinsa da na mai saye, amma tun 17 ga Agusta 2024 tsarin ya canza bayan sulhun shari'ar da ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasa tayi, yanzu ba a rubuta kason ejan ɗin mai saye a MLS, wato rumbun da dillalai ke jera gidajen sayarwa, kuma mai saye sai ya sa hannu a yarjejeniya da nasa ejan ɗin kafin a fara zagayawa da shi. La'ada abar ciniki ce, ka taya. Amma in mai saye ya roƙi ka ɗauke masa kuɗin ejan ɗinsa a cikin tayi kar ka ce a'a kai tsaye, ka duba abinda zai rage maka a hannu bayan an cire komai tukunna.

Na uku, abinda sanyi ke tonawa

Nan zan daɗe don nan ne cinikin hunturu ke tsayawa ko ya watse. A watan Yuni mai saye baya jin iskar dake shigowa ta ƙasan ƙofa, baya sanin ɗakin sama na baya baya ɗumama, baya jin ƙarar da injin ɗumama gida keyi in ya tashi. A Janairu kuwa duk zai ji da jikinsa cikin minti biyar. Toh ka riga shi.

Kira mai gyaran hita yazo ya duba injin, ko na iska ne ko boila, ya wanke, ya canza filta, ya baka takarda mai kwanan wata. Ka ajiye takardar a kan teburin kicin inda duk mai shigowa zai gani. In akwai murhun itace a falo a share bututun hayaƙinsa. Ka gwada na'urorin gano hayaƙi da na gano iskar kabon monoksayid mai guba ka canza musu batir, jihohi da yawa ma doka ce sai suna aiki kafin a sayar. Ka bi tagogi da ƙofofi da bayan hannunka ranar da ake iska, duk inda kaji sanyi na hurowa ka liƙa robar toshewa, a shagunan kayan gini irin Home Depot ko Lowe's ba tsada kuma aikin yamma ɗaya ne.

Sai indararo. Kafin ƙanƙarar farko a kwashe ganyen da ya cika shi, domin in ya toshe ruwan da ya narke daga rufi sai ya daskare a baki ya taru, na baya ya rasa hanya ya koma ƙarƙashin rufi ya ɓullo ta silin. Dogayen ƙanƙarar nan masu tsini dake reto a bakin rufi yara na sha'awarsu, amma mai saye da ya san gida yana ganinsu daga cikin mota ya san ɗumi na tserewa ta sama. In da tabon ruwa a silin ka gyara inda yake yoyon tukunna sannan kayi fenti, kuma ka rubuta a takardar bayyana aibi cewa anyi yoyo an gyara. Ɓoye aibi a ciniki mun san hukuncinsa a addini, a dokar ƙasar nan kuma mai saye na iya kai ka kotu bayan ka kashe kuɗin. In an gina gidan kafin 1978 akwai fom na musamman kan fenti mai dalma, dokar tarayya ce dole ka cike ka bayar.

Famfunan waje ka cire musu tiyo, ka rufe ruwansu daga ciki ka tsiyaye. Bututun dake ɗakin ƙasa ko gareji ko jikin bangon waje ka naɗe su da soso.

Sannan ka haɗa fayil ɗaya na abubuwan da mai saye bazai iya gani da idonsa ba a wannan lokacin. Rufi na ƙarƙashin ƙanƙara, toh ga rasit ɗin shekarar da aka canza shi ko rahoton mai rufi da ya hau ya duba a Oktoba. Na'urar sanyaya ɗaki ba a kunna ta in sanyin waje yayi ƙasa da digiri 60 zuwa 65 a ma'aunin Faranhait don tana iya lalacewa, insifekta, mai duba lafiyar gida a madadin mai saye, zai rubuta bai gwada ba kawai, toh ga takardar sabis ɗin da akayi mata da zafi. Ka haɗa da takardun kuɗin gas da na wuta na wata 12, saboda tambayar farko da mai hankali keyi a Janairu ita ce nawa ake kashewa wajen ɗumama gidan nan. Mai gidan da ya miƙa amsa a rubuce kafin a tambaye shi ya riga ya kwantar wa mai saye da hankali, kuma mai sayen da hankalinsa ya kwanta baya neman ragi mai yawa.

Na huɗu, hoto

In tun kaka ka san zaka sayar, ɗauki hoton waje a Satumba ko Oktoba ganye na kan bishiya. In lokacin ya wuce duba wayarka, ƙila akwai hoton bayan gida da ka ɗauka ranar suna ko walima da ciyawa kore, wanda ba mutane a ciki, a sa shi a ƙarshe a rubuta watan da aka ɗauka. Hoton ciki ƙwararre zai ɗauka, da hantsi zuwa azahar, don bayan an mayar da agogo baya a Lahadin farko ta Nuwamba rana na faɗuwa wajen huɗu da rabi a Niyok da Shikago. Kuma a ɗauka kafin a rataya duk wani ado na biki, hoton dake da bishiyar Kirsimeti in ya kai 20 ga Janairu shi da kansa yake shelar gidan ya kwana a kasuwa.

Na biyar, farashi

Ejan zai kawo maka gidaje irin naka da aka sayar a unguwar cikin wata uku zuwa shida. Ka lura da kyau, wasu daga ciki a Yuni da Yuli aka ƙulla cinikinsu lokacin ana rububi, ba lallai ka samu irin wannan kuɗin ba. Ka fi ba na kwanan nan nauyi, ka kuma kalli waɗanda ke kasuwa yanzu don sune abokan takararka. Al'adarmu ta kasuwa ta a sa kuɗi sama don a bar wajen ragi bata aiki a nan, mai saye a waya yake tacewa, ya rubuta iyakarsa dala 400,000, in ka sa 409,000 ko ganin gidanka bazai yi ba balle ya taya. Da zafi in ka tsauwala kana da jama'ar da zasu biyo baya ka gyara, da sanyi kuwa mutum shidan da ke neman irin gidanka in suka wuce shikenan sai wani watan. Ka sa farashin gaskiya tun ranar farko. In sati biyu zuwa uku sun wuce ana zuwa gani ba tayi, ko ma ba a zuwa, ka rage sau ɗaya ragi mai ma'ana, kar kayi ta gutsura dubu ɗaya-ɗaya.

Na shida, cikin gida ranar da za a zo gani

Bari in fara da wanda ba mai gaya mana saboda kunya: ƙamshin girkinmu. Daddawa, man ja, busasshen kifi, soyayyen tattasai da albasa, mu hancinmu ya saba bama ji, a wajenmu ma ƙamshin gida ne. Amma da sanyi tagogi a rufe suke wata da watanni, ƙamshin ya shiga labule da kafet da kujeru har da filtar hita, baƙo na buɗe ƙofa shi zai fara tarar sa. Uwargida kiyi haƙuri, na 'yan satuttukan nan a yi miya mai yawa rana ɗaya a zuba a firiza, suya a bar ta sai daren da ba mai zuwa washegari. A wanke labule, a kira masu wankin kafet, a goge maiƙon dake jikin fankar saman murhu, kayan ƙamshin miya a zuba a robobi masu murfi. Awa ɗaya kafin zuwansu a buɗe tagogi minti goma iska ta ratsa sannan a rufe a ƙara hita. Turaren wuta kuma a ɗan jingine shi, na san shi ne mutuncin ɗaki a wajenmu, amma wanda bai saba ba yana ganin hayaƙi ne, wani asma ce da shi, wani kuma zai ɗauka ana rufe warin danshi ne. Haka kyandir masu ƙamshin kirfa da ake cika shaguna da su a Disamba, suma a bar su. Gida mai tsabta da ba ƙamshin komai shi yafi.

Ɗumi ka sa tsakanin digiri 68 zuwa 70, wato wajen 20 zuwa 21 a ma'aunin Salshiyos. Mu da yawa muna son 78 saboda jikinmu na rana ne, toh su da manyan rigunan sanyi zasu shigo, in zufa ta karyo musu sauri zasu yi su fita. Ka kunna tun da wuri yadda injin bazai riƙa tashi da ƙara suna tsaye a falo ba, kuma ƙaramin hita na jonawa a soket ka ɓoye shi, ganinsa a ɗaki na nufin ɗakin baya ɗumama.

Haske, kunna komai, har na cikin kabad da na ƙarƙashin bene da na ɗakin ƙasa, ko da rana ne. A zuge labule gaba ɗaya, a goge gilashin taga. Ƙwayayen fitila su zama kala ɗaya, masu ɗan ja-ja na 2700 zuwa 3000 da ake rubutawa a kwali, kar wannan fari fat wancan ruwan ƙwai.

Kayanmu kuma. Mun san gidajenmu, akwatuna da jakunkunan tsaraba da ake tarawa don aikawa gida, duro a gareji, manyan tukwanen biki, takalma ashirin a bakin ƙofa. Kama ɗakin ajiya na haya na wata biyu ka kwashe rabi, dama ai tashi zaka yi. Hotunan iyali, takardun makarantar yara dake jikin firji, fasfo, gwal ɗin uwargida, magunguna, duk a kulle ko a fita da su. Alƙur'ani da littattafan addini da dardumar sallah a ɗaga su a adana a wuri mai tsarki, ba don ɓoye ko waye kai ba, sai don baƙi ne zasu shigo baka nan suna taɓa abubuwa. A bakin ƙofa ka shimfiɗa tabarmar roba mai kauri da kwandon ledar da ake sawa a kan takalmi da 'yar takarda mai roƙon a cire ko a saka, da sanyi ba mai jin haushin wannan don kowa ya san abinda gishiri da laka ke yi wa katako.

Ado na biki fa? In kai Musulmi ne ba wanda ya ce sai ka kafa bishiya kafin gidanka ya sayu, ba ruwan mai saye da wannan, fitilar ƙofar gida mai haske da bargo mai kyau a kan kujera sun isa. 'Yan'uwanmu Kirista kuma kuyi adonku amma kaɗan, ƙaramar bishiya a lungun da bata tare taga ko hanya ba, kar ta cinye falon ya zama kamar ƙarami, kyaututtuka kuma kar a jera su a ƙasa baƙi na shige da fice. Satin farko na Janairu a kwashe komai.

In an kira ana son zuwa, ka yarda in dai da hali, ko ranar hutu ce, ka kwashi yara ku fita. Mai gida dake biye da mai saye ɗaki-ɗaki yana bayani takura shi yake.

Na bakwai, ƙofar gida

Shebur da gishiri su zama abokanka. Hanyar mota, matakala, gefen titi, har da hanyar zuwa bayan gida da wajen mita da na'urar sanyi ta waje duk a share, don in basu iya zagayawa ba zasu ce sai sun dawo kuma ba lallai su dawo ba. Birane da yawa doka ce, a Niyok in ƙanƙara ta tsaya da rana awa huɗu gareka ka share gefen titinka, kuma in wani ya zame ya karye a matakalarka kai za a nema. Gishirin dutse na daina aiki sosai in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 15, a irin wannan ranar sai kalsiyom kulorayid, kuma kar a zuba da yawa a kan sabon siminti yana cinye shi. Lambar gida ta fito sosai da fitila a kanta, allon sayarwa a kakkaɓe shi, makullin ƙofa a sa masa mai don akwatin makulli da kwaɗo suna daskarewa.

Na takwas, tayi ya shigo

Kar ka kalli babbar lambar kawai. Duba takardar banki dake nuna an tantance mai sayen, duba kafin alƙalami nawa ya ajiye, yawanci kashi 1 zuwa 3 ne, duba ko sai ya sayar da nasa gidan tukunna, da ranar da yake son rufewa. Masu saye a wannan lokacin na son taya ƙasa da tunanin a matse kake. Kar kayi fushi kace albarka ka rufe ƙofa, mayar masa da naka farashin a rubuce, kuma ka ja kunnen ejan ɗinka kar ya faɗi dalilin tashinka. Tun da kuɗin ruwan bashin gida ya tashi daga wajen kashi 3 a 2021 zuwa kusan 8 a Oktoban 2023, masu saye da yawa sun fi son ka basu wani abu a wajen rufewa su rage nauyin biyan wata a kan ka rage farashi, sau da yawa hakan yafi maka sauƙi kaima. In kana buƙatar zama bayan an rufe, ana iya rubuta yarjejeniyar ka zauna haya na ɗan lokaci, galibi bata wuce kwana 60 saboda sharaɗin bankin mai saye.

Wani abu da nake so mu kiyaye sosai, dokar adalci a harkar gidaje ta 1968 ta hana ka zaɓi ko ka ƙi mai saye saboda addini, launin fata, ƙasar asali, jinsi, nakasa ko don yana da yara. Maganar "nafi so Musulmi ya saya" ko "namu nake so ya samu" kar ta fito a talla ko a saƙon waya ko a gaban ejan. Ka zaɓa a kan kuɗi da sharuɗɗa kawai.

In gidan ta hanyar kamfanonin musharaka, masu sayen gida da kai ta haɗin gwiwa irin na Musulunci, ka saya irin Guidance Residential ko UIF, kira su da wuri su baka lissafin abinda ya rage na kasonsu, kamar yadda mai bashin banki zai nemi nasa, don shima yana ɗaukar kwanaki.

Na tara, insifekta da mai ƙiyasin banki

Ranar duba gida ka share hanya zuwa injin hita, tankin ruwan zafi, akwatin wuta da ƙofar hawa silin. In ana gwajin radon, wata iska mai cutarwa dake fitowa daga ƙasa, za a ajiye na'ura a ɗakin ƙasa kwana biyu tagogi a rufe, kar ka buɗe, in ta kai 4 ko sama a ma'aunin na'urar za a nemi ka sa injin zuƙe ta. Abinda ba a iya dubawa ba saboda ƙanƙara, kamar rufi ko na'urar sanyi ko gyaran siminti da fentin waje da sai gari yayi ɗumi, ana warware shi ta hanya biyu, ko ka saya wa mai saye garantin gida na shekara ɗaya, ko a riƙe wani kaso na kuɗinka a hannun lauya ko kamfanin taitil, wato mai tantance takardun mallaka da rufe ciniki, har bazara. In riƙewa za ayi a rubuta adadi da ranar ƙarshe da wanda zai tabbatar an gama, kar a bar shi a buɗe. Mai ƙiyasin banki kuma, wanda banki ke turowa ya kimanta darajar gidan, ka bar masa jerin gyare-gyaren da kayi da shekarunsu da rasit.

Na goma, in zaka tafi gida a Disamba

Da yawanmu lokacin ne muke zuwa bukukuwan aure da ganin iyaye. In tafiyar ta zama dole, ka yi takardar wakilci ta musamman ga gidan nan kafin ka tashi, ka sa hannu a gaban notari, wato mai izinin shaida sa hannu, kuma ka nuna wa lauya ko kamfanin taitil su amince da rubutun tukunna don ba kowace suke karɓa ba. In ka riga ka tafi, ofishin jakadancin Amurka a Abuja ko Yamai ko Akra da ƙaramin ofishin Legas suna aikin notari amma sai da alƙawari, kuma sai an aiko takardar asali ta DHL, kaga sati ya tafi. In matarka na kan takardar gidan ita ma sai ta sa hannu.

Gidan da ba kowa kar a kashe masa hita don tsimin gas, a bar shi aƙalla digiri 55. Bututu ɗaya ya daskare ya fashe a bene na sama, kafin a ankara ruwa ya sauko da silin ɗin falo ya jiƙa katako har ɗakin ƙasa, cinikin ya watse gyaran kuma ya kai bazara. Rufe babban famfon ruwa in tsarin ɗumamarka ya yarda, a tambayi fulamba in boila ce, a buɗe ƙofofin kabad na ƙarƙashin sinki, ka samu amintacce mai leƙawa duk bayan kwana biyu, ka ɗauki mai share ƙanƙara da kwangila. Kira kamfanin inshora ka gaya musu, da yawa suna rage abinda suke biya in gida ya kwana 30 ko 60 ba kowa. Wanda kuma ba ɗan ƙasa ba ne, bashi da girin kad, kuma a wajen haraji ana lissafa shi mazaunin waje, ya sani akwai dokar FIRPTA da ke sa a riƙe kashi 15 na kuɗin gidan a tura wa IRS, sai daga baya ya nemi abinda ya rage masa.

Na ƙarshe, ranar rufewa

Ka zaɓi tsakiyar sati, Talata ko Laraba, ka guji 24 da 31 ga Disamba da Juma'ar da hutu ke binta, don in wani abu ya maƙale kuɗinka sai ya kwana huɗu a hanya. Bayanin asusun da za a tura maka kuɗi ka bayar hannu da hannu ko ka kira lambar ofishin da ka riga ka sani ka tabbatar, 'yan damfara na shiga imel su aiko saƙo da sunan lauya cewa an canza asusu, kuma lokacin hutu da ma'aikata suka ragu sun fi samun dama. In da tankin man ɗumama gida kamar yadda ake yi a Niyok da Masacusets, a auna abinda ya rage kwana ɗaya ko biyu kafin rufewa, kuɗinka ne za a saka maka a lissafi. Wuta da gas kar ka yanke, ka ce a mayar da su sunan mai saye daga ranar rufewa, inshora kuma kar ka soke sai kuɗi sun shiga asusunka an rijista takarda.

Masu kwasar kaya sun fi araha da sanyi kuma sun fi samuwa, amma ka sa ranar kwasa kwana biyu ko uku kafin rufewa saboda guguwar ƙanƙara na iya hana mota fita. Mai saye zai zo zagayen ƙarshe, yawanci ranar ko ana gobe, ya tarar da gidan a share, hita na aiki, hanya a kankare, makullai da rimot ɗin gareji da fayil ɗin takardun nan duk a kan teburin kicin, ka rubuta masa inda babban famfon ruwa yake da ranar da ake kwasar shara a layin.